'Yan Nutso Marasa Numfashi: Yadda Ake Auna Cikin Teku

Ranar 4 ga Disamba, 2009, wani jirgin ruwan Sifaniya ya tsamo wata na'ura mai launin rawaya daga tekun Atlantika. Tsawonta mita biyu ne da 'yan kai, tana da gajerun fukafukai biyu da wutsiya. Babu farfela a jikinta, babu kuma mahaluki a ciki. Kwana 221 kafin wannan rana, wato 27 ga Afrilu, aka sake ta a gaɓar jihar New Jersey ta Amurka, kuma tun daga lokacin take nutsewa tana tasowa har ta ci sama da kilomita 7,400. Malamai da ɗaliban Jami'ar Rutgers ne suka riƙa ba ta umarni daga ɗakin kwamfuta, suna jiran ta leƙo saman ruwa ta kira su ta tauraron ɗan'adam. Sunanta RU27, ita ce kuma gilaida ta farko da ta ƙetare teku daga wannan gaɓa zuwa waccan. Bayan 'yan kwanaki aka yi mata bikin tarba a Baiona, garin da jirgin Pinta na ayarin Kolumbus ya fara isa a 1493 da labarin ƙasar da suka tarar a yamma.

Idan aka raba nisan da kwanakin, kilomita 33 ke nan a rana. Tafiyar hawainiya ce, amma rashin gaggawar ne ya sa batirinta ya kai ta. Yawancin abin da aka sani yau game da zafin cikin teku da gishirinsa, na'urori masu irin wannan hali ne suka kawo shi, ƙanana, masu araha in aka gwada su da jirgi, waɗanda ake jefawa a ruwa a tafi a bar su wata da watanni, wasu ma shekaru.

Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, matsakaicin zurfinsa kuma ya kusa mita 3,700. Tauraron ɗan'adam na iya ɗaukar zafin ruwa daga sama, sai dai fatar kawai yake gani, abin da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba. Saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri, don haka a ƙarƙashin ruwa babu GPS, babu waya. Duk mai son sanin abin da ke faruwa mita 500 ƙasa, dole ya kai ma'auninsa can, ya kuma san yadda sakamakon zai dawo hannunsa.

Fiye da shekara ɗari, jirgin ruwa ne kaɗai hanyar yin haka. Jirgin Ingila mai suna Challenger ya bar Portsmouth a Disambar 1872, bai koma gida ba sai Mayun 1876. A wannan dogon yawo ya tsaya a wurare kusan 360, ma'aikatansa na zura ma'aunin zafi da doguwar igiya, su jira, su jawo. Jiragen bincike na zamani sun fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba, amma matsalar tana nan inda take: jirgi wuri ɗaya yake a lokaci ɗaya, kuma yininsa guda a teku na cin dubun-dubatar daloli. Daga shekarun 1960 aka samu wata dabara mai sauƙi, ɗan ma'auni da ake jefawa daga jiragen dakon kaya, yana nutsewa yana aiko da zafin ruwa ta siririyar wayar tagulla har ta tsinke. Ya taimaka ƙwarai, sai dai jirgin kasuwa hanyar kasuwa yake bi. Taswirar awo ta cika maƙil tsakanin Turai da Amurka da Japan, tekunan kudu kuwa suka zauna kusan fayau, musamman a lokacin hunturunsu da raƙuman ruwa ke hana jirgi sakat.

Mafita ta fara ɓullowa a 1955 a hannun wani masanin Ingila, John Swallow. Ya samo bututun alminiyom irin wanda magina ke haɗa matakala da shi a jikin gini, ya toshe bakinsa biyu, ya daidaita nauyinsa. Lissafinsa shi ne, ruwa na matsewa yana ƙara nauyi gwargwadon zurfi, bututun kuwa bai kai ruwa matsuwa ba. Saboda haka zai yi ta nutsewa har ya isa inda nauyinsa ya yi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi, ya tsaya cak, ruwan wurin ya ɗauke shi duk inda za shi. Swallow yana cikin jirgi yana bin ƙarar da bututun ke fitarwa. Da haka aka gano cewa ruwan can ƙasa, wanda aka ɗauka kwance yake, ashe gudu yake yi, wani lokaci ma da saurin da ba wanda ya zata.

Jikokin wannan bututu su ne 'yan nutson shirin Argo. Kowace ɗaya bututu ce da tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya, da eriya a ka, da ma'aunai uku a wuya: na zafi, na matsin ruwa wanda ke nuna zurfi, da na gishiri, wanda ake ganewa ta yadda ruwan ke ɗaukar wutar lantarki. A gindinta akwai jakar roba, a cikinta kuma famfo ne da ɗan mai, wanda a yawancinsu bai kai lita ɗaya ba. Idan famfon ya zuƙe man zuwa ciki, jakar ta motse, na'urar ta ƙanƙance alhali nauyinta bai ragu ba, sai ta nutse. Idan ya tura man waje jakar ta kumbura, sai ta taso. Duk hikimar ke nan.

Zagayenta kwana goma ne. Takan sauka zuwa mita 1,000 ta kwanta a can kimanin kwana tara, ruwa na jan ta cikin duhu. Daga nan ta ƙara nutsawa zuwa mita 2,000, inda matsin ruwa ya ninka na iskar da ake shaƙa a bakin teku sau 200. Sai ta fara hawa a hankali, kamar santimita goma a daƙiƙa, tana awo a kowane mataki, har ta fasa saman ruwa bayan awa shida. Ta nemi inda take ta GPS, ta aika abin da ta tara, ta koma. Na farkon kan shafe awa shida zuwa goma sha biyu a sama kafin saƙo ya gama tafiya. Na yanzu masu amfani da taurarin Iridium ƙasa da awa ɗaya ya ishe su, abin da ya rage musu haɗarin karo da jirgi da kuma ƙananan halittun da ke manne wa ma'auni. Haka za ta yi ta yi shekara huɗu ko biyar. Ranar da batir ya ƙare ba mai zuwa ɗauko ta, yawanci a ƙasan teku take ƙarewa.

Wani rukunin masana ƙarƙashin jagorancin Dean Roemmich na Cibiyar Scripps da ke Kalifoniya ne ya tsara shirin a ƙarshen shekarun 1990. Burinsu 'yan nutso 3,000, wato kusan guda ɗaya a kowane kilomita 300. An fara saki wajen shekarar 2000, aka cika adadin a ƙarshen 2007. Yau akwai kusan 4,000 a ruwa, ƙasashe wajen 30 ne ke sa hannu, Amurka kuma na ɗaukar kimanin rabin nauyin. A Nuwamban 2012 aka karɓi awo na miliyan ɗaya, a 2018 na miliyan biyu.

Abin da ya fi injiniyancin daraja shi ne sharaɗin da suka gindaya tun farko, cewa duk awon da ya shigo na kowa ne. Ƙasar da ta sayi na'ura ba ta da ikon ɓoye sakamakonta. Cikin kimanin awa 24 ake ɗora shi a rumbuna biyu, ɗaya a Brest ta Faransa, ɗaya a Monterey ta Amurka, kuma ɗalibin da ke Zariya ko Yamai na iya sauke shi kyauta muddin yana da intanet. A fagen da masana suka saba rungume bayanansu shekaru kafin su nuna wa kowa, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

To me aka gani? Sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu ke tarewa a duniya teku ne ke shanye shi. Ruwa na riƙe zafi sosai, har ma 'yan mitocin saman teku kaɗai na iya ɗaukar zafin da dukkan iskar sararin duniya za ta ɗauka. Don haka ma'aunin da ke cikin ruwa ya fi wanda ke rataye a filin jirgin sama faɗin gaskiyar ɗumamar yanayi, domin na tudu yana hawa yana sauka daga shekara zuwa shekara, na teku kuwa hawa yake ta yi. A 2012 Roemmich da abokan aikinsa suka ɗauko tsofaffin alƙaluman Challenger suka jera su da na Argo a wurare guda. Suka tarar saman teku ya ƙara zafi da kusan digiri 0.6 a ma'aunin Salshiyas cikin shekara 135, mita 700 na sama kuma a jimlace da kusan digiri 0.3. A ido kamar ba komai ba ne, sai an tuna yawan ruwan da ake magana a kai.

Na'ura ma na yin kuskure, kuma an taɓa shan kunya. A 2006 wasu masana uku, cikinsu har da Josh Willis na hukumar NASA, suka wallafa cewa teku ya yi sanyi tsakanin 2003 da 2005. Masu musun ɗumamar yanayi suka yi caa a kan labarin. Da aka bi diddigi sai aka gano matsala biyu. Wasu 'yan nutso a Atlantika suna liƙa wa awonsu zurfin da ba shi ba, sai ruwan ya fito da sanyi fiye da gaskiya. Su kuma tsofaffin ma'aunan da ake jefawa daga jiragen kaya sun daɗe suna ƙara wa ruwa zafi kaɗan. Da aka tashi daga tsohon ma'auni mai ƙari zuwa sabo mai ragi, sai lissafi ya nuna sanyin da babu shi. A 2007 masanan suka fito da gyara. Shi ya sa har gobe ba a yar da jiragen bincike ba, da awonsu na hannu ake gwada na 'yan nutso a ga ko ma'aunin gishiri ya fara kaucewa.

Aibin 'yar nutson Argo ɗaya ne, ba ta da linzami. Inda ruwa ya kai ta nan za ta. Idan ana son auna wani takamaiman wuri, kamar gefen gaɓa ko hanyar da guguwa za ta bi, sai a koma ga gilaida.

Tunanin na Doug Webb ne, injiniya a yankin Woods Hole na jihar Massachusetts, amma maƙwabcinsa Henry Stommel, ɗaya daga cikin manyan masana teku na ƙarni na 20, shi ya yayata shi. A 1989 Stommel ya rubuta wani ƙagaggen labari a mujallar masana teku, inda ya hasko shekarar 2021 da rundunar gilaida dubu na yawo a tekunan duniya. Suka raɗa wa na'urar sunan Slocum, don tunawa da Joshua Slocum, mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai a jirgin ruwa mai filafilai tsakanin 1895 da 1898. Stommel ya rasu a 1992, bai ga cikar abin ba. Zuwa farkon shekarun 2000 iri uku sun fara aiki: Slocum ta Webb, Spray ta Scripps da Woods Hole, da Seaglider ta Jami'ar Washington.

Gilaida 'yar nutso ce da aka sa wa fukafukai. Idan ta yi nauyi ta fara nutsewa, wani ɗan inji na tura batirinta gaba, hancinta ya sunkuya, fukafukan su mayar da faɗuwar ta zama tafiya gaba. Da ta kai zurfin da aka ce mata, wanda kan kai mita 1,000, sai ta rage nauyi, batirin ya ja baya, hanci ya ɗaga, ta hau tana ci gaba. Haka take zana haƙoran zarto a cikin ruwa, tana awo a hawa da sauka. Gudunta a ruwan da ba ya motsi kamar kilomita ɗaya ne a awa. Nauyinta kilo 50 zuwa 60, mutum biyu ko uku na iya sakin ta daga ƙaramin kwalekwale mai inji. A ƙarƙashin ruwa da kamfas da lissafi take laluben hanya, sai bayan 'yan awanni ta taso, ta ɗaga eriyarta, ta ga inda ruwa ya karkatar da ita, ta aika awo, ta karɓi sabon umarni.

Aikin matuƙinta ya fi kama da na mai dara. Tunda ba ta iya ja da ruwa mai ƙarfi, sai ya zauna da taswirar tauraron ɗan'adam yana neman gudun ruwan da ya nufi inda yake so, ya cusa ta ciki, ya kauce wa wanda zai mayar da ita baya. Ba kullum ake nasara ba. Yayar RU27, wato RU17, ta kama hanyar ƙetare Atlantika a 2008, ta ɓace kusa da tsibiran Azores bayan wata biyar. Ita ma RU27 da ta iso yankin, ƙananan halittu masu ɓawo sun manne mata har tafiyarta ta fara lalacewa, sai da aka bi ta da jirgi masu nutso suka kankare mata jiki.

Inda gilaida ta fi nuna amfaninta shi ne wurin da ba mai hankalin da zai kai jirgi. Mahaukaciyar guguwar teku daga ruwan ɗumi take samun ƙarfi, kimanin digiri 26 zuwa sama, kuma kaurin ruwan ɗumin na da muhimmanci kamar zafinsa. A Agustan 2011 guguwar Irene ta nufi gaɓar gabashin Amurka. Masu hasashe sun dace a kan hanyarta, amma ta iso da rauni fiye da yadda suka faɗa. Wata gilaidar Rutgers da ke cikin ruwa a gaɓar New Jersey ta nuna dalili: iskar da ke gaban guguwar ta dama ruwan, ta haɗa na sama mai ɗumi da na ƙasa mai sanyi, zafin saman ya faɗi da digiri da dama tun kafin tsakiyar guguwar ta iso. Yanzu kowace kakar guguwa hukumomin Amurka kan jera gilaida a tekun Karebiyan da kewayensa.

Akwai kuma iri na uku, goruna. Suna shawagi a saman ruwa kamar gorar da masunta ke hawa a Argungu, sai dai waɗannan ma'aunai suke ɗauke da su. Wasu sakakku ne, ƙwallo da ke jan wata doguwar jakar yadi a zurfin mita 15 don ruwa ya ja shi maimakon iska. Akwai sama da 1,200 irinsu, suna aiko da zafin saman teku da matsin iska ga masu hasashen yanayi. Wasu kuwa turkakku ne, kuma labarinsu daga wata kunyar ya faro.

A 1982 zuwa 1983 aka yi ɗaya daga cikin El Nino mafi ƙarfi a ƙarnin, wato ɗumamar ruwan gabashin tekun Fasifik da ke birkita ruwan sama a nahiyoyi da dama. Ba wanda ya hango shi, kai, sai da ya kusa kai ƙololuwa aka ankara. Ƙurar aman wutar dutsen El Chichón na Meziko ta ruɗa taurarin ɗan'adam, a cikin ruwa kuma babu ma'aunin da ke ba da labari nan take. Daga nan aka fara turke goruna a kan layin ikwaita daga wannan gefen Fasifik zuwa wancan, aka kammala kusan 70 a 1994. Da babban El Nino na 1997 ya taso, masana na kallon ruwan ɗumi na tafiya gabas a ƙarƙashin teku watanni kafin ya bayyana a sama.

Turkakkiyar gora zobe ce mai faɗin mita biyu da 'yan kai, da hasumiyar ƙarfe a kai mai ɗauke da ma'aunin iska, ruwan sama, laima da hasken rana. A ƙasanta waya ce da aka jera wa ma'aunan zafi har zuwa mita 500, sannan igiyar nailan mai tsawon kilomita huɗu ko biyar, a can ƙarshe kuma anga, wadda sau da yawa tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne aka ɗaure wuri guda. Duk shekara sai jirgi ya je ya ciro ta ya dasa sabuwa.

Atlantika ya samu nasa jerin a 1997, shirin PIRATA na haɗin gwiwar Barazil da Faransa da Amurka, mai goruna kusan 18. An raɗa wa na farkon sunayen kiɗa da rawa, su Samba da Jazz da Reggae. Wadda ake kira Soul ta yi shekaru a daidai inda layin ikwaita ya gicciye layin Girinwic, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana. A nan ne maganar ta shafi wanda bai taɓa ganin teku ba, domin ruwan da ke sauka a Katsina da Maraɗi, kaso mai yawa na laimarsa iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi daga Atlantika. Daga Mayu zuwa Yuni ruwan sanyi kan taso daga ƙasa a Mashigin Tekun Gini, zafin saman ya sauka da digiri biyar ko fiye kafin Agusta. A daidai lokacin ƙasar Sahara ta yi zafi zau. Wannan bambanci tsakanin teku mai sanyi da tudu mai zafi na cikin abin da ke tura damina arewa, kuma a yawancin shekaru wajen ƙarshen Yuni ne babban ruwan ke tashi daga gaɓa ya koma yankin Sudan da Sahel. A shekarar da mashigin ya ƙi yin sanyi, ruwan kan so ya daɗe a kudu. Ba doka ba ce da ba ta tashi, domin El Nino da zafin tekun Indiya da Bahar Rum duk suna da ta cewa.

Bayan farin Sahel na 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, an daɗe ana ɗora laifin a kan manoma da makiyaya, wai sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kori ruwa. Tun a 1986 masanan hukumar yanayi ta Ingila suka nuna alaƙar farin da zafin tekuna, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin zafin saman tekunan duniya kaɗai, ta fito da hawa da saukar ruwan Sahel na shekaru 70 kusan yadda aka yi shi. Lalacewar ƙasa na ƙara tsananta abin, amma tushen yana teku. Shi ya sa hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara, da wanda cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke haɗa masanan yankin su fitar kafin shuka, duk da yanayin zafin tekuna suke farawa. Abin lura shi ne, a cikin ƙasashe ukun da ke riƙe da PIRATA babu ko ɗaya daga gaɓar Afirka, ko da yake akwai karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar teku a Kwatano da ke horar da matasan yankin.

Guguwa ba ta cika kashe gora ba, mutane ne ke kashe ta. Kifi na son taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke shawagi, musamman tuna, masunta kuma sun san haka. Wasu su ɗaure jirginsu a jikin gorar, wasu su ja ta gefe su zuba raga, wasu ragarsu ta naɗe wayar ma'aunai, wasu kuma su kwance duk abin da zai sayu. Hukumomin kamun tuna na Fasifik sun haramta kamun kifi kusa da gorar awo tun 2009 da 2010, amma wa zai tsare doka a wurin da ƙasa mafi kusa ke da nisan kwanaki? Kasafin kuɗi ma na yin irin wannan ɓarna ba tare da ya taɓa ruwa ba. A 2012 hukumar NOAA ta Amurka ta ajiye jirgin da ke kula da gorunan Fasifik don tsimi. Kafin farkon 2014 bayanan da ke shigowa sun faɗi zuwa kusan kashi 40 cikin 100. An gyara daga baya, sai dai awon watannin da aka rasa ba ya dawowa, kuma darajar irin wannan aiki tana cikin rashin yankewarsa.

Gorunan gargaɗin tsunami sun ga irin wannan. Kowace tana da ma'auni a ƙasan teku da ke jin canjin nauyin ruwan da ke kansa, ko da tudun igiyar santimita ɗaya ne, ya aika wa gorar da sauti, ita kuma ta miƙa wa tauraron ɗan'adam. Ranar 26 ga Disamba, 2004, da tsunami ta kashe mutum wajen 230,000, babu irin wannan gora ko ɗaya a tekun Indiya. Bayan nan aka dasa da yawa, Indunusiya ta samu 22. Da tsunami ta afka wa birnin Palu a Satumban 2018, kakakin hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ya shaida wa duniya cewa tun 2012 babu mai aiki a cikinsu, saboda ɓarna da rashin kuɗin gyara. Masana sun ce ko da suna aiki da wuya su ceci Palu, domin ruwan ya iso cikin mintuna, amma wannan bai wanke sakacin ba.

Sai kuma siyasa. Zafi da gishirin ruwa su ke tsara yadda sauti ke tafiya a teku, wanda ya san su kuwa ya san inda jirgin yaƙi mai nutso zai iya ɓuya. Ranar 15 ga Disamba, 2016, sojojin ruwan Chaina suka ɗauke wata gilaidar sojan Amurka a yammacin Filifin, a gaban idon jirgin da ya zo ɗaukar ta, suka mayar bayan kwana biyar ana ta cacar baki. A ƙarshen 2020 wani masunci a Indunusiya ya tsinci wata kusa da tsibirin Selayar, wadda masu sharhi suka ce ta yi kama da ƙirar Chaina. Hatta Argo da ba ta ɓoye komai, sai da aka yi yarjejeniyar sanar da ƙasa idan 'yar nutso ta kusa shiga ruwanta.

Har yanzu rabin ruwan teku yana ƙasa da mita 2,000, inda 'yan nutso na yau da kullum ba sa kaiwa. An ƙera wasu da ke sauka har mita 6,000, wasunsu a cikin ƙwallon gilashi mai kauri. A kewayen Antatika an koya wa na'urorin dabara: idan suna hawa suka ji ruwan saman ya kusa daskarewa, sai su fasa fitowa don kada ƙanƙara ta fasa musu kai, su adana awon har bazara. A wasu wuraren ma manyan dabbobin ruwa masu shayarwa ake manna wa ɗan ma'auni a ka, su yi nutson neman abincinsu su kawo awo daga ƙarƙashin ƙanƙara, na'urar ta faɗi idan sun sake gashi. Wani sabon rukuni kuma na auna iskar oksijin, tsamin ruwa da ƙananan tsirran da kifi ke rayuwa a kansu. Sabon tsarin da masanan suka gabatar na neman 'yan nutso 4,700: na asali 2,500, na zurfi 1,200, na sinadarai 1,000. Na zurfi da na sinadaran sun fi tsada sosai, kuɗin da ƙasashe suka ware bai kai ba tukuna, kuma kowace shekara sai an saki sababbi wajen 800 kafin ma a riƙe adadin da ake da shi.